Kada Ki Tashi Sai Na Dawo

Da aka zo faɗaɗa hanyar Kano zuwa Katsina za a mayar da ita tagwaye, mutanen Unguwar Kabo sun yi asarar gonaki, amma sun samu wurin shanya irin wanda ko a mafarki ba su taɓa gani ba. Ƙauyen ɗan ƙarami ne a ƙasar Kusada, a bakin titi, kafin mai fitowa daga Kano ya shiga Kankiya. Masu aikin hanya suka shimfiɗa sabon hannu baƙi wuluk, sumul, suka tare bakinsa da duro-duro cike da yashi, suka yi gaba da injinansu, aka bar motoci suna ta fama a tsohon hannu. Kwalta ta kwana ta wuni babu mai taka ta. To, matan ƙauye ba sa ganin fili mai tsabta su ƙyale shi. Wata ta fara kai barkono, da ta ga babu wanda ya ce mata kanzil sai ta ƙara da kuɓewa. Kafin kaka ta yi nisa, hanyar da aka ce za ta riƙa kwasar kaya daga Kano har Maraɗi ta koma wurin shanyar gyaɗa da rogo, kowace mace da yankinta, ta kewaye shi da duwatsu.

A cikin masu shanyar nan babu wadda ta kai Jamilatu amfana. Sana'arta ƙuliƙuli da man gyaɗa, tana kaiwa tashar Kankiya tana sayar wa matafiya ta tagar mota. Mijinta ya rasu, ɗanta yana Kano yana neman na kansa, gidan daga ita sai mahaifiyarta, Inna Halima. Yankin da take shanya ya ɗan fita daga gari, a gangaren da ke bayan wani tudu, daidai inda gonar mahaifinta take kafin hanya ta cinye ta. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma a ranta tana ganin ko gwamnati ta biya diyya, wurin nan nasu ne.

Jamilatu 'yar fari ce, Inna Halima kuwa mutuniyar Kaikai ce, irin matan dā masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa dubanta ido cikin ido ba. In za ta yi zancenta sai ta ce "waccan", in tana son kiranta sai ta yi gyaran murya ko ta buga ƙwarya. Ko wata yarinya ce daban mai irin sunan ta shigo gidan, sai dai ta ce mata "mai sunan waccan". Jamilatu ba ta riƙe abin a zuci ba, ai haka aka yi wa kowane ɗan fari. Sai dai tana ƙarama ta sha laɓewa a bayan danga in Inna na hira da maƙwabta, ko Allah zai sa ta yi suɓutar baki. Har ta yi furfura ba ta dace ba.

Yanzu tsufa ya taɓa Inna a ka. Takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba, takan tambayi mutanen da suka daɗe a kabari. Abin da ya fi tayar wa Jamilatu hankali shi ne tafiya. Da an yi sakaci sai Inna ta ɗauki mayafi ta kama hanyar Kaikai, wai za ta gaida babanta, kuma hanyar Kaikai sai an ƙetare titi. An taɓa tsinto ta a tsakiyar tsohon hannu, tireloli na kauce mata, ita ko a jikinta. Tun ranar, da Jamilatu ta ji ƙarar birki sai ta fito ta duba inda Inna take.

Ta gwada kulle ta a ɗaki, Inna ta wuni tana kuka, ita ma ta kasa jurewa. Daga baya ta gano wata dabara. Inna ta manta kusan komai, amma ba ta manta riƙon amana ba. In Jamilatu ta durƙusa, ta ɗora hannu a gwiwarta, ta ba ta aiki guda ɗaya ta ce kada ta tashi sai ta dawo, to ko ƙasa za ta tsage Inna ba za ta motsa ba. Sai ga shi shanya ta zo daidai. Kullum da safe takan baza gyaɗa, ta shimfiɗa 'yar tabarma a tsakiyar shanyar, nesa da daji, nesa da tsohon hannu, ta zaunar da Inna da malafa a ka, da butar ruwa, da dogon kara na korar awaki. Maƙwabciyarta Rauda, wadda yankinta ke kusa, takan sa ido. Har mata suna yaba wa Jamilatu wayo, ita ma tana jin daɗin yabon.

Ranar da abin zai faru ta fito da sassafe, ta tarar da kwalta fayau, babu shanyar kowa. Da wata mai tsoro ce, da ta tsaya ta yi tambaya. Ita kuwa murna ta yi, ta ce yau ta riga kowa, har ta ɗan ci yankin Rauda ta baza gyaɗarta da faɗi. Ta zaunar da Inna, ta gyara mata malafa, ta durƙusa ta dafa gwiwarta.

"Inna, ga gyaɗa nan. Kada ki tashi sai na dawo."

Inna ta kawar da kai gefe yadda ta saba, ta ce to. Jamilatu ta ɗora tire a ka, ta tare motar Kankiya.

Tashar Kankiya a irin wannan lokaci ba ta da masaka tsinke. Ƙananan motocin Katsina na tsayawa, manyan motoci na wucewa da siminti da taki da kayan masarufi za su Jibiya su tsallaka Nijar, wasu na dawowa da wake da shanu. Masu talla kowa da irin kiransa, kuma duk kunnensu na kan titi, don tun mota ba ta bayyana ba sukan san ko mai tsayawa ce. Shi ya sa su ne suka fara lura. Hantsi ya ɗaga, wata mai fura ta ce yau me ya samu motocin Kano? Aka duba, gaskiyarta. Masu zuwa daga Katsina suna ta wucewa, amma daga wancan ɓangaren ko keke babu. Titin ya yi shiru irin wanda Jamilatu ba ta taɓa ji ba.

Wani mai faci da ke gefen tasha ya ce ai ba abin mamaki ba ne, yau ne ake buɗe sabon hannu. Ya ce masu aiki za su fasa tsohon, don haka tun da hantsi suka janye duro-duron, duk mota mai zuwa da mai tafiya sabuwar kwalta za ta bi, wataƙila can ne aka ɗan cushe. Ya faɗi maganar yana duba wata taya, bai ma ɗago ba.

Jamilatu ta ji maganar, amma sai da ta ɗan jima kafin ta shige ta. Ta tambaye shi wane sabon hannu, kamar akwai wani bayan wannan. Ya maimaita mata. Ta sauke tiren a ƙasa a hankali, ta ciro waya daga ɗaurin zani, ta kasa samo lambar Rauda sai da mai furar ta taya ta. Mijin Rauda ne ya ɗauka, yana gona. Ya ce af, ashe ba a faɗa mata ba? Ai tun jiya masu aiki suka aiko, liman ya yi shela a masallaci bayan la'asar cewa kowa ya gaya wa iyalinsa kada a kai shanya.

A masallaci aka yi shelar, wurin maza, alhali babu namiji ko ɗaya a Unguwar Kabo da ya taɓa shanya ko da barkono guda. Kowane magidanci ya kai wa matarsa saƙo ya ga ya sauke nauyi. Gidan da babu namiji kuwa, wannan ya ɗauka wancan ya faɗa, wancan ya ɗauka wannan ya faɗa. Mijin Rauda yana ta ba da haƙuri yana tambaya ko dai ta kai shanyar ne, Jamilatu ta kashe wayar. Tudun nan take gani. Duk motar da ta fito daga Kano sai ta hau shi, ba ta ganin abin da ke gangare sai ta riga ta ɗauko gudu.

A daidai lokacin wani mai babur ya iso daga can, jama'a suka yi masa ca. Ya ce shi ma ta daji ya ratso, bai ga komai da idonsa ba, amma an ce wata tirela ce ta tsaya a gangaren Unguwar Kabo, kuma an zuba ganye a hanya. Duk wanda ya tashi a bakin titi ya san ganye. Ba a karya reshe a jera a kan kwalta sai mota ta mutu ko ta yi ɓarna.

Ba ta san yadda aka yi ta hau bayan Labaran ba. Ɗan acaɓa ne dattijo, ɗan ƙauyensu, ya san Inna tun yana saurayi. Bai tambaye ta komai ba, ya dai ce ta riƙe da kyau. Tiren ƙuliƙuli da kwalaben mai suna nan a ƙasa inda ta bar su, mai fura na kiranta ba ta waiga ba.

Suna fita gari suka iske wurin da aka karkatar da motoci. Duro-duron da ta saba gani a bakin sabon hannu yanzu sun koma bakin tsohon, wani ma'aikaci da jar tuta yana nuna wa direbobi hanya. Abin da aka faɗa gaskiya ne ke nan, har zuwa nan tana fatan mai facin ya yi kuskure. Suka bi sabuwar kwaltar. Ta ga duwatsun da matan wasu ƙauyuka ke kewaye shanya da su an ture su gefe, wasu tayoyi sun farfasa. Ta ga motocin da ke gabansu yadda suke gudu. Direbobin da suka shekara suna kaucen ramuka yau sun samu shimfiɗa, kowa ya taka mota iya ƙarfinta. Kowace ta wuce su sai Jamilatu ta ce a ranta, irin wannan ce.

Tana son ta yi addu'a, bakinta ya ƙi haɗa komai sai salati guntu-guntu. Abin da ke cin ta ba mantuwar Inna ba ce. Da Inna za ta manta, da ta tashi ta yi tafiyarta tun da ta ji ƙarar mota ta fari. Tsoronta shi ne Inna ba za ta manta ba. Duk wata halitta in ta ga mota ta nufo ta za ta kauce, har akuya. Mutum ɗaya ne a duk faɗin hanyar nan ba zai kauce ba, kuma ita ce da hannunta ta dafa gwiwarta ta ɗaure ta a wurin.

Ba su yi nisa ba suka cim ma cunkoson. Motoci sun yi layi, direbobi sun fito suna leƙen gaba. Labaran ya sauka daga kwalta ya haura tsohon hannu, inda wani inji ya fara kwarzar hanya, ya riƙa ratsa tsakuwa babur na tsalle. Iska ta fizge mayafinta har da ɗankwali, ta ji tafiyarsu ba ta ko miƙa hannu ba. Daga nan sama tana ganin layin yadda ya miƙe: motocin shanu da ƙahonni a waje, motocin albasa, wata doguwa mai lambar Nijar an lulluɓe ta da tamfol. Da suka kai inda tulin ƙasa ya tare tsohon hannun, Labaran ya ce iyakar babur ke nan. Ta dira tun bai gama tsayawa ba.

Ta shiga tsakanin motoci da gudu. Takalmi ɗaya ya cire, ta yar da ɗayan. Kwalta na ƙuna, ba ta ji. Ga ganyen nan kuwa, rassan darbejiya ɗanye shar, an jera su nesa-nesa. Tana wucewa tana jin guntayen maganganu. Wani na cewa tsohuwa ce. Wani na cewa mutanen ƙauye ba sa jin magana. Wani direba da ya ga yadda take gudu ba mayafi ya matsa mata hanya, ya kawar da kai, kuma hakan ya fi duk maganganun tsorata ta.

Hancinta ne ya fara gaya mata ta iso. Ƙaurin roba ne da ƙamshin gyaɗa, kamar an bar suya a wuta. Sai ta fara taka ɓawo. Gyaɗarta ce warwatse ko'ina, an niƙe ta, mai ya yi naso a kwalta. Gaba kaɗan jama'a sun yi da'ira, bayansu kuma kan wata tirela ne ja, ta karkace ta tare hanya, bayanta wasu baƙaƙen layukan taya biyu sun taso tun daga kan tudu. Daga madubin motar an ɗaure tamfol an ja shi zuwa ƙasa. Da ta ga tamfol ɗin sai ta tsaya cak. Ta yi gudu tun daga nesa, amma 'yan takun nan da suka rage sai ta kasa.

Rauda ce ta hango ta, ta fito daga cikin taron ta kama hannunta, fuskarta jiƙe da hawaye. Jamilatu ta dubi bakinta kawai.

"Tana da rai," in ji Rauda. "Ko ƙwarzane babu. Amma ta ƙi tashi."

Inuwa ce aka yi mata da tamfol ɗin. Inna na zaune a kan tabarmarta, ƙafafu a miƙe, malafa ta karkace, karan nan a hannunta ya karye rabi. Tsakanin tabarmar da ƙarfen gaban tirelar, in mutum ya miƙa hannu zai taɓa. A gefen taya wani mutum dogo na zaune a ƙasa dirshan, ya haɗa kai da gwiwa. Shi ne direban, Hamma sunansa, mutumin Maraɗi, siminti ya ɗauko daga Kano. Aka ce tun da ya sauko ya jera ganye ya ɗaura tamfol, yake zaune a nan. Da aka nuna masa Jamilatu ya ɗago, idanunsa jajir, ya ce yana hawowa tudu ya hango abu a tsakiyar hanya, ya zaci buhu ne ya faɗo wa wani. Sai da buhun ya ɗaga kara yana korarsa sannan ya gane. Ya ce shi bai san yadda motar ta tsaya ba, ba shi ya tsayar da ita ba.

Rauda ta ƙarasa mata sauran cikin sauri. Ƙarar birkin ce ta fito da duk ƙauyen. An yi lallashi, an yi roƙo, har liman ya zo, Inna ta ce ba za ta tashi ba. Mata suka ɗauke ta cak suka kai ta gindin bishiya tana kuka tana dukansu, suna sakinta ta rarrafo ta dawo. Da aka sake ɗauke ta, direbobi suka ga hanya ta buɗe suka fara kutsawa ta gefen tirelar, sai ga Inna ta suɓuce ta shigo gaban wata ƙaramar mota, saura ƙiris. Daga nan ne Hamma ya rantse ba zai gusar da motarsa ba, kuma ba mai wucewa, gara a bar ta inda ƙarfensa ke kare ta har mai ita ta zo.

Amma haƙurin mutane ya kusa ƙarewa. Daga gaba da baya oda ake dannawa ba ƙaƙƙautawa. Masu shanu na cewa dabbobinsu za su mutu a rana, masu zuwa iyaka na cewa za a rufe musu. Wani mai babur ya riga ya kutso ta bakin kwalta, wasu na shirin biyo shi, kuma tirelar da ke bayan ta Hamma ta tayar da inji tana huci. Jamilatu ta ga cewa in Inna ba ta tashi da ƙafarta ba yanzu, za a sake ɗauke ta da ƙarfi, motoci za su saki gudu, ita kuma za ta sake rarrafowa. Ko an kai ta gida an kulle, da ta samu ƙofa nan za ta nufo, yau ko gobe.

Ta shiga ƙarƙashin tamfol ɗin ta durƙusa. Zafin injin na dukan bayanta. Ta ɗora hannu a gwiwar Inna kamar kullum, ta daidaita muryarta iya yinta.

"Inna, na dawo. Tashi mu tahi gida."

Inna ta juyo ta dube ta. Ba ta kawar da kai ba. Ta zuba mata ido sosai, tun daga gashinta da ya barbaje babu ɗankwali har ƙafafunta masu jini, kallo irin na tausayi da ake yi wa baƙo. Jamilatu ta kai shekarun da ta kai ba ta taɓa sanin cewa ƙwayar idon mahaifiyarta ruwan ƙasa-ƙasa ba ce sai yau.

"Ke ɗiyar wa ce?" in ji Inna. "Mi ya same ki haka?"

"Ni ce, Inna."

Inna ta girgiza kai a hankali, ta cire hannun daga gwiwarta ba da faɗa ba. Ta ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah, ba ni tashi. Jamilatu ta ce kada in tashi sai ta dawo."

Ta faɗi sunan sarai, a gaban maza, a gaban liman, babu ko ɗar. Rauda ta rufe baki da hannu. Tsofaffin matan da ke wurin suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ake nufi in irin su Inna Halima suka kama sunan ɗan fari: hankali ya gama tafiya. Ga abin da Jamilatu ta laɓe a bayan danga tana jira tun tana yarinya ya zo, kuma da an ba ta zaɓi da ta roƙi Allah kada ta taɓa jin sa. Kuka ya taso mata, ta danne shi da ƙyar, don oda na ƙaruwa kuma wani babur ya sake wucewa har iskarsa ta kaɗa tamfol.

Ta so ta ce a kawo mata mayafi ko tire, ko Inna za ta gane ta. Ta dubi idanun nan ta san ba mayafi ba ne. Tsoron da ya kama Inna da safiyar nan ya tafi da abin da ya tafi da shi, ya bar mata magana guda ɗaya, kuma maganar ce za ta kashe ta. Jamilatu ta mayar da hannunta kan gwiwar.

"Ai ita ta aiko ni," ta ce. "Jamilatu ce ta aiko ni. Ta ce aikin ya ƙare, ki taso in kai ki gida."

Inna ta yi nazarinta. Ta dubi gyaɗar da ta niƙe, ta ce a gaya mata ta yi iya ƙoƙarinta, amma waɗannan ba su jin kora. Jamilatu ta ce ta sani, ba za ta yi faɗa ba. Sai Inna ta matso, ta rage murya kamar mai faɗin sirri.

"Lahiya lau kika baro ta? Hanyar nan ba ta da kyau yau. Tun ɗazu gabana ke hwaɗuwa, kada ta zo ƙetarewa."

"Lahiya lau take, Inna."

"To, alhamdu lillahi."

Ta miƙo hannu. Jamilatu ta tashe ta, ƙafafun tsohuwar sun sage don zama, sai da Rauda ta tallafi ɗaya gefen. Inna ta ce a ɗauko mata butarta, aka ɗauko. Jama'a suka buɗe musu hanya. Hamma ya miƙe da ƙyar ya kwance tamfol ɗinsa, wasu suka shiga kwashe ganye, kafin matan su kai gindin bishiya injuna sun tashi gaba ɗaya. Tirelar ta gyara kai ta bi ta kan tabarmar, na bayanta suka biyo, siminti da taki na yin arewa, shanu da albasa na yin kudu, har ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa.

Suka kama 'yar hanyar cikin gari. Inna na tafe tana riƙe da hannun Jamilatu gam, tana yi mata godiya, tana sa mata albarka da iyayen da suka haife ta. Sai dai duk 'yan taku kaɗan takan tsaya ta waiga wajen Kankiya, ta sa hannu ta kare rana, tana duba motocin ko za ta ga mai saukowa da tire a ka. Jamilatu takan tsaya tare da ita, su duba tare, sannan ta ce mata su je, tana nan tafe.